Kukun Fada da Aka Samu a Ƙarƙashin Coci

Tun da na dawo ban huta ba. A ƙofar masallaci tambaya, a teburin mai shayi tambaya, har mai adaidaita sahun da ya ɗauke ni zuwa kasuwa sai da ya waiwayo ya ce, "Baba Iro, wai da gaske ne an kai ka ƙasar waje ka tono Fada?" Ban tono Fada ba. Amma tunda kowa ya ɗauki labarin yana ƙara masa gishiri, gara in zauna in faɗe shi sau ɗaya tun daga farko, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Ni mutumin ƙasar Buji ne. Aikin masinja ya kawo ni Dutse, na yi shi har na yi ritaya. Aikin da ban ajiye ba shi ne tonon kabari. Fiye da shekara talatin ke nan, in aka yi rasuwa a unguwarmu, ƙofata ake fara bugawa. Maƙwabcina kuwa, wanda katanga ɗaya ta raba mu, sunansa Bitrus. Mutumin Filato ne, ɗan Katolika, yana aiki a ma'aikatar ruwa. Shekara ashirin muna tare, ba mu taɓa yin faɗa ba sai a kan akuyata da shukar alayyahunsa.

Wata ranar Lahadi bayan la'asar ya shigo zaurena ya zauna, bai ma tsaya dogon gaisuwa ba.

"Malam Iro, an ga kakana."

"Wane kakan naka? Ba ka ce duk sun rasu ba?"

"Ai ba a raye aka gan shi ba."

Sai ya warware mini. Mahaifin mahaifiyarsa, Yosef, kuku ne na wani Fada Bafaranshe, wato limamin coci, a zamanin Turawa. Da aka mayar da Fadan ƙasar Dahomi, wadda ake kira Jamhuriyar Benin yanzu, sai Yosef ya bi shi, da niyyar zai dawo ya kwashi iyalinsa. Bai dawo ba. Saƙon baka kawai ya iso cewa ya rasu. Mahaifiyar Bitrus, Mama Marta, tana da shekara huɗu a lokacin. Yanzu ta haura casa'in, kuma har yau in zancen ya taso sai ta ce ita abin da ke damunta shi ne ba ta sani ba ko an rufe ubanta kamar mutum, ko kuwa jefa shi aka yi a rami tunda baƙo ne.

To, a can Benin, a wani ƙauye gaba da garin Faraku, daɓen wata tsohuwar coci ya fara lotsawa. Magina suka fasa za su gyara, sai suka ci karo da kaburbura. Aka kira masu binciken kayan tarihi daga jami'a. Fadan wurin ya duba tsohon littafin rasuwa, ya ga sunan Yosef da sunan garinsu, ya bi ta hannun wani Fada zuwa wani har saƙon ya zo wayar Bitrus. An ce za a sake binne ƙasusuwan ranar Asabar ta sama, in dangi na so su zo.

"Ina so ka raka ni," in ji shi. "Matata ba ta da lafiyar doguwar tafiya. Kuma ni ban san komai a kan kabari ba. In suka nuna mini ƙashin wani suka ce nawa ne, sai in ce na gode."

Na ce ya ba ni kwana ɗaya. Na je wurin limaminmu na tambaye shi. Ya ce raka maƙwabci haƙƙi ne, rufe ɗan Adam kuma mutunci ne, sai dai in sun shiga ibadarsu in koma gefe in tsaya da ladabi. Matata Hajara ita ba fatawa ta dame ta ba. Cewa ta yi, "Kai da ko Kaduna ba ka taɓa wucewa ba, yau gawa ce za ta kai ka ƙasar waje." Ta soya mini dambun nama, ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli a leda.

Kwana uku muka yi muna neman takardar tafiya da katin rigakafin shawara. Ranar Talata da sassafe muka hau bas zuwa Kano, daga can muka shiga motar Ilori. Na ɗauki jakar kaya ɗaya, da buta, da dagina na naɗe shi a buhu. Dagin nan ƙarfe ne mai gajeriyar ƙota da nake gyara gefen kabari da shi. Bitrus ya ce me zan yi da shi, ba aiki aka kira ni ba. Na ce ni dai ban taɓa shiga maƙabarta hannu rabbana ba.

Hanyar Ilori ba zan ce komai a kanta ba sai dai in ce gwiwoyina har yau ba su yafe mini ba. An zaunar da ni tsakanin wata mata mai kwandon kaji da wani saurayi mai sayar da maganin basir, wanda tun daga Zariya har Mokwa yake ƙoƙarin tabbatar mini ina da cutar. Da na gaji na gaya masa sana'ata, na ce in maganinsa bai yi wa mutum aiki ba wurina ake kawo shi. Bai sake yi mini magana ba, har ya ɗan matsa ya ba ni wuri. Muka kwana a Ilori, washegari muka kama hanyar Cikanda, inda iyaka take.

A ɓangarenmu ba a daɗe ba. A ɗaya ɓangaren muka tarar da wani jami'i mai ƙiba da fara'a, yana jin Hausa sarai. Ya karɓi takardar Bitrus.

"Me za ka je yi?"

"Ziyarar kakana."

Jami'in ya ɗago ya dubi furfurar Bitrus. "Kakanka? Masha Allahu. Ina yake zaune?"

"A ƙarƙashin coci."

Jami'in ya ajiye biro. Kafin Bitrus ya yi bayani sai idonsa ya kai kan buhuna. Ya ce in kwance. Na kwance. Ya ɗaga dagin yana jujjuya shi.

"Baba, wannan fa?"

"Kayan aikina ne. Kabari nake tonawa."

Ya dire shi a kan tebur kamar ya ɗauki garwashi, ya goge hannunsa a wando. "Wato kai za ka je ziyarar kakanka a ƙarƙashin coci, kai kuma ka zo da abin tono."

Sai da Bitrus ya nuna masa wasiƙar Fada a waya, da hatimi da komai. Ya karanta sau biyu, ya kira abokin aikinsa ya karanta masa, suka yi ta dariya da Faransanci. Da zai buga mana hatimi ya ce, "Baba, in za ku dawo, ku dawo ku biyu yadda kuka shiga. Kada in ga na uku a buhu."

Abin da ya fara ba ni mamaki a ƙasar shi ne mata a kan babur. Ba goyo ba, su ke tuƙi. Wata dattijuwa da ta kai sa'ar Hajara ta wuce mu a Nikki da buhun gawayi a baya da jariri a gaba, ko a jikinta. Na biyu kuma burodinsu, dogo siriri kamar sandar makiyayi, ɓawonsa sai da ya kusa tafiya da haƙorina na gaba. A Faraku muka ci sakwara da miyar gyaɗa, a ciki akwai wasu jajayen gutsattsari masu taushi. Na ci uku ina yaba wa mahaucin garin, ina cewa ban taɓa cin nama marar jijiya irin wannan ba. Mai abincin ta ce ba nama ba ne, cukun Fulani ne, wagashi suke ce masa. Bitrus ya yi dariya har ya ƙware. Na ce ko ma mene ne a ƙaro.

Da yamma muka isa ƙauyen. Fadan ya fito ya tarye mu da gajeren wando da silifa, hannunsa duk baƙin mai, yana gyaran injin ruwa. Ni da na zaci zan ga mai doguwar farar riga. Kusa da zango, unguwar Hausawa, ya tashi, saboda haka yana jin Hausa, sai dai Hausar tasa ba ta san mace ba. Kowa "shi" ne a wurinsa. "Madam Odil yana jiranku gobe," in ji shi. "Shi ne shugaban masu tono. Mijinsa ma malami ne." Na daure ban yi dariya ba sai da muka shiga ɗaki.

Ɗakin baƙi aka ba mu, gado biyu, gicciye a bango. Tun ban tambaya ba Fada da kansa ya shigo ya nuna mini gabas, ya kawo tabarma sabuwa. Sannan ya riƙo hannuna ya kai ni bayan kicin, ya miƙa mini wuƙa da zakara.

"Malam, ka yanka da hannunka. In mu muka yanka, za ka ce ka ƙoshi, ni kuma na san ƙarya ne."

Kwana huɗun da na yi a gidan, ni ne mahaucin coci.

Da safe ina cikin lazimi aka kaɗa wata ƙararrawa a daidai saman kanmu. Na zabura na yi waje ba takalmi, na ɗauka gobara ce. Na tarar da tsofaffin mata suna tafiya a natse da carbinsu, suna kallona. Bitrus ya leƙo ta taga ya ce, "Kiran sallarmu ne, Malam Iro. Shekara ashirin ina jin naku ban taɓa gudu ba."

Bayan karin kumallo aka kai mu cocin. An kwashe kujeru, an cire daɓen rabin ginin, an ja zare fari an yanka ƙasar gida-gida kamar fangalin albasa. Madam Odil ta fito daga wani rami. Gajeruwa ce, mutumiyar kudancin ƙasar, bakin teku, da hular kaba da tabarau. Tana magana, Fada yana fassara mana.

Ta ce da can ƙaramar coci ce ta ƙasa a wurin, da 'yar maƙabarta a jikinta. Daga baya aka gina wannan babbar ta haɗiye duka. Sun sami kabari goma sha ɗaya. Ta nuna mana biyu a gaban bagadi, wato teburin da Fada ke tsayawa yana jan ibada.

"Waɗannan Fada-fada ne," in ji ta. "Ko ba suna na sani. Dubi kansu yana wajen bagadi. Sauran jama'a kuwa ƙafafunsu ne ke wajen bagadi."

Na tambayi dalili. Fada ya ce tsohuwar al'ada ce. Ranar tashin ƙiyama jama'a za su miƙe suna fuskantar bagadi, shi kuma Fada ya miƙe yana fuskantar jama'arsa.

"Kamar liman in ya juyo bayan sallama," na ce.

"Haka nan. Sai dai ranar ba wanda zai tsaya gaishe shi."

Na ce mu namu ba bambanci, da liman da ladan da mai gadi, kowa a kan kafaɗar dama yana kallon alƙibla.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kayan aikinsu. Ba diga, ba shebur sai ɗaya a jingine. Cokalin magini ƙarami, da burushi irin na fenti, da tsinke, da rariya. Duk ƙasar da aka ɗebo sai an tankaɗe ta kamar garin tuwon biki. Na tambayi Madam kwana nawa kabari ɗaya ke ɗaukar su. Ta ce wani tara, wani sha biyu.

"Fada, gaya mata a Dutse in na wuce awa biyu, dangin mamaci sun fara duba agogo. Kwana tara kuwa, mamacin da kansa zai tashi ya karɓi shebur."

Ta yi dariya ta ce ni rufewa nake yi, ita karantawa take yi, karatu kuma ba ya son gaggawa.

A gaskiya raina bai so abin ba da farko. A aikina nakan ci karo da tsohon ƙashi. In haka ta faru, sai in kau da kai, in mayar da ƙasa, in matsa gaba, ba na gaya wa kowa. Nan kuwa ga mutane a buɗe, ana auna su da tef, ana ɗaukar su hoto. Amma na lura ba mai tsallake kabari, ba mai ɗaga murya, kuma duk wanda aka gama da shi sai Madam ta lulluɓe shi da farin ƙyalle da hannunta. Sai zuciyata ta ɗan kwanta.

Ta nuna mana abubuwan da suka samu a faranti. Ƙusoshin akwati da suka yi tsatsa, maɓallan riga, ƙananan gicciye, ƙwayoyin carbi, har da ƙasan takalmi. Bitrus ya ce ai su da kwat da takalmi ake sa mutum a akwati, a yi masa kwalliya. Na ce ina zai je da takalmi? Ya ce ina ruwana, ni da nake sallamar mutum da yadi biyar ba ko aljihu.

Sannan aka zo kan maganar da ta kawo mu. Madam ta cire tabarau. Ta ce manyan maza uku ne ba a san ko su wa ba ne, Yosef yana cikinsu, amma ba ta iya cewa wanne. In ba a gane ba, ranar Asabar za a haɗa su a rami ɗaya, a rubuta cewa Allah ya san sunayensu. Na dubi Bitrus. Tun daga Dutse yake zolayata, amma a nan zolayar ta ƙare. Ya ce a hankali, "Me zan gaya wa Mama? In ce mata ɗaya daga cikin uku?"

Aka kai mu wurin su ukun. Na farko da na biyu ramuka ne masu zurfi, a miƙe, da layin ƙusoshi. Na uku yana jikin tsohon harsashin bango. Ba ƙusa ko ɗaya. Mutumin yana kwance rigingine, hannu a kan ƙirji, ƙwayoyin carbi a tsakanin yatsu, ƙafafu wajen bagadi kamar sauran. Madam ta ce wannan ya ba ta wahala. Ta sami fasassun tukwane a samansa, don haka tana zaton ɗan ƙasar ne da danginsa suka haɗa masa da al'adar gargajiya. Kuma ramin hawa biyu ne, kamar an tona wani kabari daga baya a kan na farko.

Ban ji ƙarshen fassarar ba, don na riga na durƙusa. Na nemi izini na sa hannu na shafa gefen ramin. Faffaɗan rami a sama, iya gwiwa. A tsakiyarsa siririn rami, daidai faɗin mutum. Ga ɗan dakalin da aka bari hagu da dama, a share sumul.

"Fada, gaya mata wannan ba kabari biyu ba ne. Ɗaya ne. Uwa da 'ya."

"Wane uwa?"

"Haka muke kiransa. Babban ramin uwa, ƙaramin 'ya. A cikin 'yar ake sa mutum. Wannan dakalin kuma a kansa ake jera itace ko fasassun tukwane, a toshe da ɗanyen laka, don kada ƙasa ta zubo masa a fuska. Tukwanen nan ba tsafi ba ne, rufi ne. Wanda ya tona wannan, irin hannuna gare shi."

Madam ta diro cikin ramin kusa da ni, ta ce in maimaita. Na maimaita, na kwatanta mata da dagina yadda ake share dakalin. Ta dafe kai. Ta ce ta karanta irin wannan a littafi, amma ganin carbi da gicciye ya sa hankalinta bai je can ba. Na ce ba ta taɓa zuwa jana'izar Musulmi ba? Ta harare ni ta saman tabarau ta ce, "Ta yaya? Kuna barin mata su je?" Na ce wannan kuma gaskiyarta.

Sai ta aika aka ɗauko littafin rasuwar daga ɗakin Fada, wani tsoho da gara ta ci gefensa. Ta buɗe ta sa yatsa, Fada ya fassara. An rubuta cewa Yosef kuku ya rasu Fada yana rangadin ƙauyuka, katekis, wato malamin da ke taimaka wa Fada, shi ne ya yi masa addu'a, kuma abokansa fatake na zango ne suka tona ramin. Ta ce ta karanta layin nan ya fi sau goma, ba ta taɓa tunanin hannun mai tono zai bar shaida ba.

Ni abin bai ba ni mamaki ba. Baƙo ne, ba ya jin yaren garin, Hausa yake ji. Ina zai je hira in ba zango ba? Da ya rasu ba kafinta, ba akwati, sai abokan hirarsa suka zo da kayan aikinsu. Katekis ya kwantar da shi yadda addininsa ya ce, su kuma suka rufa masa yadda suka iya.

Bitrus ya zauna a bakin ramin yana kallon ƙasusuwan. Don in sassauta masa sai na leƙa na ce, "Ga ma wushirya irin taka." Fada ya fassara, Madam ta ce wannan ba hujja ba ce, rabin mutanen Afirka ta Yamma suna da wushirya. Ita dai ba ta yarda ta ce tabbas ba. "Mai yiwuwa ƙwarai," shi ne iyakarta. Ta nemi izinin Bitrus ta ɗauki haƙori ɗaya don gwajin dangantakar jini, shi kuma ta ba shi 'yar kwalba ta ce ya cika da yawu. Mutumin da bakinsa ya bushe don tashin hankali, sai da ya yi kusan rabin awa a bayan coci yana fama. Fada ya yanke cewa za a binne wannan shi kaɗai, a kafa gicciye ba suna, har sakamako ya fito.

Ranar Juma'a na je zango na yi salla. Bayan an idar na ba tsofaffin wurin labari. Ba wanda ya san zancen, amma wani dattijo ya ce tunda kakanninsu ne suka fara aikin, ba za a ƙarasa babu su ba. Washegari da sassafe sai ga mutum huɗu da diga da shebur, da ɗaurin itace a kan babur.

Matasan coci suka tona sauran ramukan a sabuwar maƙabarta bayan ginin. Na Yosef kuwa Bitrus ya ce ni zan tona. Ƙasarsu ja ce mai tsakuwa, ba irin yashinmu ba, tun ban kai gwiwa ba bayana ya fara ƙara. Mutanen zango suka karɓa, na koma gyaran gefe. Ƙasusuwan a ɗan ƙaramin akwati aka sa su, bai fi tsawon hannu ba, rami kowane iri zai ɗauke shi. Ba wanda ya ce mana ga yadda za a yi. Da muka ɗago muka duba, uwa da 'ya muka tona.

Da mutanen coci suka shiga ibada muka koma gindin mangwaro mu biyar. Ta fi awa biyu. A wurinmu da tuni an dawo an fara karɓar gaisuwa. Bitrus ya taɓa gaya mini su gawa takan yi wata guda a asibiti ana jiran dangi su taru a ɗinka anko, don haka awa biyu a wurinsu sauri ne. Can sai suka fito a jere, gicciye a gaba, akwatuna goma sha ɗaya, mata sun fi maza yawa, suna waƙa mai sanyi har bakin ramin. Fada yau ya sa rigarsa, da ƙyar na gane shi. Yana kaɗa turare a wani kasko mai sarƙa, yana yayyafa ruwa da wani ɗan ƙarfe. Na matso don in karɓi akwatin, sai ruwan ya same ni a fuska. Ya ce da Hausa ƙasa-ƙasa, "Yi haƙuri Malam, ba ya karya alwala."

Ni na shiga ramin. Bitrus ya miƙo mini kakansa, ba nauyi, kamar kwandon auduga. Na sa shi a cikin 'yar, muka jera itace, muka toshe da laka. Sannan kowa ya ɗebi ƙasa da hannu ya zuba, wannan kam daidai da namu. Da aka zo kan Bitrus sai ya durƙusa ya fashe da kuka, mutum mai shekara kusan sittin, yana magana da yarensu. Ban san me ya ce ba, ban kuma tambaye shi ba. Na riƙe kafaɗarsa har ya gama.

Bayan nan kuma sai ganga da rawa da shinkafa, kamar ana suna. Madam Odil ma ta taka. Ta sa na zana mata uwa da 'ya a littafinta, ta rubuta sunana a ƙasa, ta ce zai fito a rahotonsu. Ni da na yi shekara talatin ina kai takardun mutane ofis-ofis, ban taɓa ganin sunana a cikin ko ɗaya ba.

Dawowa ba abin da ya faru sai tayar da ta fashe mana kusa da Tegina, da buhun doya da mutanen zango suka ɗora mini, wanda ya zauna a kan cinyata har Kano.

Wata huɗu bayan haka Bitrus ya shigo zaurena da waya a hannu. Sakamako ya fito, jininsu ɗaya. Fada ya aiko da hoton gicciyen an rubuta suna. A ƙarshen makon Bitrus ya tafi gida ya nuna wa Mama Marta, ya ba ta labari duka, da tukwanen da aka rufa wa ubanta, da waɗanda suka rufa.

Ya dawo mini da tsaraba, buhun acca da zakara fari.

"Mama ta ce a gaishe ka. Ta ce yanzu ta san ƙasa ba ta taɓa fuskar babanta ba. Kuma ta ba ni saƙo, ta ce in faɗa maka yadda ta faɗa."

"Ina ji."

"Ta ce in nata ya zo, ba ta son 'yan samarin nan masu tono suna duba waya. Kai take so."

Na ajiye zakaran a gefe. Sannan na ce ya gaya wa Mama na karɓa, in Allah ya sa ina raye zan zo har Filato. Amma don Allah kada ta yi gaggawa, bayana bai gama warkewa ba.